Daɓe ko Kabad: Wanne Ya Kamata Ya Riga Shiga Sabon Gida?

A daminar bara wani abokin aikina ya kira ni gidansa domin in duba masa wani abu da ya ɗaure masa kai. Shekara uku ke nan da ya kammala ginin gidan ya tare. Uwargidansa ce ta fara lura cewa ƙofar kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke a kicin ta daina rufuwa, sannan ga wani wari mai kama da na tsohuwar randa yana fitowa daga wurin. Da muka ɓamɓare falankin da ya rufe gindin kabad ɗin muka haska tocila, sai muka tarar tayil ya tsaya daidai bakin kabad, daga nan har bango tsurar siminti ne. Gindin katakon ya kumbura ya yi baƙi. Can a lungu kuma ga wata siririyar hanya ta jar ƙasa, kaurinta bai wuce na fensir ba, ta fito daga tsagar da ke tsakanin daɓe da bango ta haye katakon. Aikin gara ne.

Da na tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce ai kafinta ne ya riga kammala aikinsa, shi ya sa aka bar shi ya kafa kabad, daga baya mai tayil ya zo ya kewaye shi. Har ma an yi murna a lokacin cewa an rage kuɗin tayil.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa malamin ilimin halittu da aikin birkila da kafinta? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Katako jikin wata halitta ne da ta taɓa rayuwa, kuma bai bar ɗabi'arsa ba don an sare shi. Gara da fumfuna da kyankyaso kuwa halittu ne masu rai, kowannensu yana neman ruwa da abinci da maɓuya. Tsarin da aka bi wajen shigar da daɓe da kabad shi ne zai ba su waɗannan abubuwa ko ya hana su. Saboda haka wannan tambaya ta masu gini dama ce a gare mu ta ganin yadda darussan da muke yi a aji suke aiki a cikin gida.

Katako da ruwa

A shekarar 1665 wani masani ɗan ƙasar Ingila mai suna Robert Hooke ya yanko siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya duba shi da madubin ƙara girman abu, wato maikuroskof. Sai ya ga ɓawon cike yake da ƙananan ɗakuna jere da juna, fanko, babu komai a ciki. Daga nan aka samo sunan sel, wato ƙwayar halitta. Abin da ya gani kuwa bangaye ne kawai na ƙwayoyin da suka riga suka mutu. Haka katako yake. Mafi yawansa matattun ƙwayoyi ne dogaye, masu kama da bututu, waɗanda aikinsu a lokacin da itacen yake raye shi ne ɗaukar ruwa daga saiwa zuwa ganye. Su ne ɗalibai suka sani da sunan zailem.

Bangon kowane bututu an gina shi ne da zaruruwan wani sinadari mai suna selulos, wanda shi ne kusan rabin nauyin busasshen katako, tare da wani mai suna liginin wanda ke ɗaure zaruruwan kamar yadda siminti ke ɗaure rodi. Shi selulos yana da son ruwa ƙwarai. Ƙwayoyin ruwa kan shiga tsakanin zaruruwansa su manne, su raba su da juna, sai bangon ya yi kauri. In ruwan ya fita, zaruruwan su matso, bangon ya tsuke. Idan aka tara wannan ɗan motsi na miliyoyin bangaye, shi ne kumburi da tsukewar da muke gani da ido.

Ana auna ruwan katako ne ta kwatanta shi da nauyin busasshensa. Alal misali, in guntun katako ya yi giram 112, aka gasa shi a tanda har nauyinsa ya tsaya a giram 100, to ruwansa kashi 12 cikin 100 ne. Ɗanyen itace yana da ruwa iri biyu: wanda ke kwance a cikin ramin bututun, da wanda ke cikin bangon. Na cikin rami shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako. Sai ruwan ya sauko wajen kashi 30 cikin 100, ramukan sun zama fanko, sannan bangaye su fara bushewa, katako ya fara tsukewa.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne, wannan sha da fitar da ruwa ba ya ƙarewa. Ko katako ya shekara ɗari yana nan yana daidaita kansa da laimar iskar da ke kewaye da shi. In laimar iska ta kai kashi 65 cikin 100, katako kan tsaya a ruwa wajen kashi 12. In ta kai 80, ya haura zuwa wajen 16. In ta sauko 20, ya koma tsakanin 4 da 5. To, mu da ke zaune a garuruwa irin su Kano da Zariya da Sakkwato duk shekara muna ratsa wannan tazara gaba ɗayanta: a hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuma ta haura 70. Wannan ne dalilin da ya sa ƙofar ajinku take cijewa da damina sai an sa mata kafaɗa, amma a watan Fabrairu iska ma buɗe ta take yi.

Bugu da ƙari, katako ba ya motsi daidai wa daida ta kowane ɓangare. Ta tsawonsa kusan ba ya motsi, bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100 ba daga ɗanye zuwa busasshe ƙarau. Daga tsakiyar gungume zuwa ɓawo yakan tsuke da wajen kashi 4, sannan ta bin zagayen gungumen yakan kai wajen kashi 8. Wannan matsakaicin lissafi ne, domin wani itacen ya fi wani natsuwa. Loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, tsukewarsa ba ta kai haka ba, shi ya sa kafintoci ke darajanta shi. Mu ɗan yi lissafi da matsakaicin. In kashi 30 na ruwa yana kawo motsin kashi 8, to bambancin kashi 10 da ke tsakanin hunturu da damina zai kawo wajen kashi 2.7. Falanki mai faɗin santimita 30 ke nan zai iya ƙaruwa da milimita 8. Wanda ya raina milimita 8 ya tuna cewa ratar da kafinta ke bari tsakanin ƙofofin kabad biyu ba ta wuce milimita 3 ba.

Yawancin kabad na zamani ma ba da tsurar katako ake yin su ba. Akwai falawud, wanda siraran fallayen katako ne aka manna su gicciye da juna domin kowane ya hana ɗan'uwansa motsi. Akwai kuma allunan da aka yi da garin katako da gam aka danne su da inji mai zafi, irin wanda ake kira MDF. Waɗannan alluna suna da santsi da kyan gani, kuma laimar iska ba ta murɗa su kamar yadda take murɗa falanki. Sai dai suna da wani babban rauni. Zaruruwan da ke cikinsu a danne suke, gam ne kawai ya riƙe su. In ruwa ya shiga ta gefen da aka yanka, zaruruwan su kumbura, gam ya saki, allon ya tashi kamar burodi, kuma ko ya bushe ba zai koma yadda yake ba har abada. Gefen da aka yanka ɗin nan kuwa shi ne wanda kabad ke tsayawa a kansa.

Ruwan da ke cikin daɓe

Mutane da yawa suna zaton siminti bushewa yake yi ya yi ƙarfi, kamar yadda tubalin ƙasa ke yi a rana. Ba haka ba ne. Irin simintin da muke amfani da shi, wanda wani birkila ɗan garin Lids ta Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi wa rajista a 1824, haɗuwa yake yi da ruwa su zama wani sabon sinadari mai tauri. Shi ya sa magini na ƙwarai ke yi wa sabon kankare ban-ruwa na aƙalla mako guda, kuma injiniyoyi ba sa auna ƙarfinsa na ainihi sai ya kwana 28.

Amma ba duk ruwan da aka zuba ne simintin ke cinyewa ba. In an kwaɓa buhu ɗaya mai kilo 50 da ruwa lita 25, wanda zai shiga jikin sabon sinadarin bai wuce lita 12 ko 13 ba. Sauran yana nan a cikin ƙananan ramukan kankaren, kuma mafi yawansa dole ya fita ta sama a matsayin tururi. Masu kwaɓi kuwa sukan zarce lita 25 ɗin nan don aiki ya yi musu laushi. A ƙirga buhunan da aka zuba a daɓen gida guda, a haɗa da na filastar bango, za a ga cewa sabon gida yana ɗauke da ɗaruruwan litocin ruwa da ido ba ya gani.

Fitar wannan ruwa tana ɗaukar lokaci. Magina a Ingila suna da wani ƙiyasi cewa shimfiɗar siminti da yashi tana bushe milimita ɗaya ne a kowace rana, wato mai kaurin santimita 4 sai ta yi kwana 40, wadda ta fi haka kauri kuma jinkirinta ya fi haka. A hunturunmu abin ya fi sauri, da damina kuma yana iya fin haka nawa. Abin yaudarar shi ne saman daɓe yakan yi fari fat cikin kwana biyu ko uku, alhali cikinsa sharkaf yake. In aka ɗora kabad a kansa a wannan hali, an rufe wa tururin hanya ke nan, sai ya taru a ɗan wurin da ke tsakanin daɓe da gindin kabad, inda iska ba ta kaɗawa. Duk wanda ya taɓa ɗaga ledar tsakar ɗaki da aka shimfiɗa a sabon gini ya san wari da jiƙar da ake tararwa a ƙarƙashinta.

Akwai kuma ruwa na biyu wanda ba ya ƙarewa, wato na ƙasar da gidan ke zaune a kanta. Ruwa yana da ɗabi'ar hawa cikin siririn rami da kansa, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. A bututu mai faɗin kashi ɗaya cikin biyar na milimita yakan hau wajen santimita 15, in bututun ya fi haka ƙanƙanta sau goma ya hau mita ɗaya da rabi. Kankare da bulo cike suke da irin waɗannan ramuka, katako kuwa dama don wannan aiki aka halicci bututunsa. Maganin wannan shi ne shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasa kafin a zuba kankaren daɓe. Kuɗinta kaɗan ne, amma sau da yawa ita ce abu na farko da ake sokewa idan aljihu ya fara nauyi, kuma ba ta da gyara bayan an zuba kankare.

Masu jiran tsaga

Fumfuna ba ta buƙatar a gayyato ta, domin ƙurar irinta tana yawo a iskar kowane ɗaki. In ta sauka a kan katako mai laima sai ta tsiro da siraran zaruruwa su kutsa cikin bututun, su zubo sinadaran da ke narkar da selulos ya koma sukari, su tsotse. Ruɓewar katako ke nan. Sharaɗinta ɗaya ne muke iya hana ta, shi ne ruwa: katakon da ruwansa bai kai kashi 20 cikin 100 ba ba ya ruɓewa. Hujja a kan haka ita ce jirgin ruwan Fir'auna Khufu da aka tono a 1954 kusa da babbar dalar Giza a Masar. An yi shi da katakon al'ul na Labanan, ya yi shekara wajen 4,500 a cikin busasshen rami a rufe, aka fito da shi har aka iya sake harhaɗa shi. Kabad ɗin abokina kuwa shekara uku ya yi.

Gara ta fi fumfuna ban mamaki, kuma a nan zan ɗan tsawaita. Masana sun san nau'in gara wajen 3,000 a duniya. Duk da kamarta da tururuwa ba danginta ba ce. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2007 ya tabbatar da cewa gara reshe ce daga dangin kyankyaso. Selulos abinci ne mai wuyar narkewa, saboda haka gara ta nemi abokan aiki. Wasu nau'o'in suna ɗauke da ƙananan halittu masu sel ɗaya a cikin hanjinsu, kuma wani masani Ba'amurke mai suna L. R. Cleveland ya nuna a shekarun 1920 cewa in aka kashe waɗannan halittu, garar za ta ci gaba da cin katako amma yunwa ta kashe ta. Ita kuwa garar da ke gina manyan shuri a dazukanmu, wadda masana ke kira Macrotermes, manomiya ce. Takan kwaso ciyawa da katako ta tauna, ta jera su a ɗakunan cikin shuri, ta shuka wata fumfuna ta musamman a kai, fumfunar ta narkar da abincin sannan ita ta ci.

Raunin gara shi ne fatarta. Siririya ce, ba ta riƙe ruwa, in busasshiyar iska ta buge ta na ɗan lokaci sai ta mutu. Wannan ne ya sa take gina rufaffiyar hanya da ƙasa da yawunta duk inda za ta. Ma'aikatanta makafi ne, da laima da ƙamshi suke gane hanya. Ba ta iya huda lafiyayyen kankare, amma tsagar da ba ta kai milimita 2 ba ta ishe ta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to ita gara ba ta ma jiran bango ya tsage. Mahaɗar daɓe da bango, da kewayen bututun famfo inda ya ratsa daɓe, su ne ƙofofinta. Duka biyun kuwa a bayan kabad ɗin kicin suke, a wuri mai duhu da laima, ga abinci a ɗore a bakin ƙofa, ga shi babu mai leƙawa. Magina na da sun san wannan abokiyar gaba sarai, shi ya sa suka zaɓi azarar giginya don rufin soro, saboda taurin zaruruwanta yana ba gara wuya.

Kyankyaso shi ba katakon yake ci ba, maɓuya yake so. Yana da ɗabi'ar neman matsattsen wuri inda bayansa da cikinsa za su taɓa wani abu a lokaci guda. In tayil ya tsaya a bakin kabad, an bar wani kwari a ƙarƙashi mai zurfin kaurin tayil da simintinsa. Ruwan mopa da na wanke-wanke da ɓurɓushin abinci su gangara ciki, tsintsiya ba ta kaiwa. Ƙaramin kyankyason kicin, wanda macensa ke ɗaukar ƙwai 30 zuwa 40 a jaka ɗaya, ba ya neman fiye da haka.

To, wanne ke gaba?

Daga abin da ya gabata amsar ta fito da kanta ga irin gidajen da aka fi ginawa a ƙasarmu, masu daɓen tayil ko tarazo ko na siminti. Duk aikin da ake yi da ruwa shi ne a gaba, katako shi ne ƙarshen shiga. Wato a gama wayarin da bututun famfo, a sakar musu ruwa a tabbatar ba sa yoyo, a toshe kewayensu da siminti. A yi filasta da silin da shafen fenti na farko. Sannan a shimfiɗa tayil daga bango zuwa bango, har wurin da kabad zai rufe, a cike tsakaninsu, a buɗe tagogi a bar ɗakin ya sha iska na wasu makonni. Bayan haka kafinta ya zo ya ɗauki awo a kan daɓen da aka gama. In kuwa kantar girkin ta bulo da kankare ce, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa, to ita aikin ruwa ce, a gina ta kafin tayil. Ƙofofinta da durowoyinta ne za su jira.

Kada a fahimce ni cewa tayil katanga ce da gara ba ta ƙetarewa. Simintin da ke tsakanin tayil yana da ramuka, yana kuma tsagewa. Amfanin tayil ɗin shi ne yana rage ƙofofin shiga, yana raba katako da tsurar siminti, sannan in bututu ya yi yoyo ruwan zai malalo fili a gan shi a ranar, ba sai bayan shekara ba. Ya kamata a ƙara da ɗora kabad a kan ƙafafun roba ko na ƙarfe masu tsawon santimita 10 zuwa 15, falankin da ke rufe su kuma ya zama mai cirewa, domin a riƙa haska tocila ko da sau biyu ne a shekara. A shafe duk gefen allon da aka yanka da fenti ko gam. Game da magani kuwa, a yi hattara da abin da ake zubawa a ɗakin da ake dafa abinci. Magungunan gara na da irin su aldirin da dayaldirin da kulodan an hana su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 saboda suna daɗewa a ƙasa suna taruwa a jikin mutum, an kuma ƙara lindan, wato sinadarin da ke cikin Gamalin, a 2009. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa katako shi ma bai dace da kicin ba.

Akwai kuma dalilin awo, wanda ba ruwansa da halittu. Tsayin kantar girki wajen santimita 90 ne, injin wanki da makamantansa da ake turawa ƙarƙashinta kuma wajen 85. In an kafa kabad a kan tsurar kankare, sannan tayil da simintinsa suka ɗaga daɓe da santimita 3 ko 4, to injin ba zai shiga ba, in kuma dama yana ciki ba zai fito ba ranar da ya lalace sai an fasa tayil. Mai girki ma za ta riƙa sunkuyawa fiye da kima.

Masu son kabad ya riga shiga suna da hujja biyu, kuma ya kamata a saurare su. Ta farko ita ce kafinta zai iya fasa tayil ko ya karce shi. Wannan gaskiya ne, amma kwalayen tayil ɗin da falle ɗaya na falawud sun isa su kare daɓen. Ta biyu ita ce kuɗi. Kabad mai tsawon mita 4 da zurfin santimita 60 yana rufe murabba'in mita 2.4. Kwalin tayil mai 60 da 60 yakan zo da guda huɗu, wato murabba'in mita 1.44. Abin da aka tsimi ke nan bai cika kwali biyu ba. Abokin nawa sai da ya sake ƙasan kabad ɗinsa baki ɗaya, da ya koma kasuwa neman irin tayil ɗinsa kuma ya tarar an daina kawo shi.

Inda hukuncin ya juya

A Turai da Amurka, inda daɓen katako ya yawaita, wannan tambaya ba ta da amsa ɗaya, kuma tun da irin nasu daɓen ya fara shigowa manyan biranenmu ya kamata a san bambancin. A 1977 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Perstorp ya ƙirƙiro daɓen laminet, wanda ya shahara da sunan Pergo. Alluna ne na dannannen garin katako, an manna musu hoton itace da fata mai tauri a sama. Ba a kafa su da ƙusa, ba a manna su da siminti. Ana sarƙa kowane da ɗan'uwansa ne, sai daɓen ɗakin gaba ɗaya ya zama faifai guda da ke kwance a kan wata siririyar katifa. Tun da asalinsa katako ne, yana faɗaɗa yana tsukewa da sauyin laima, shi ya sa ake bar masa rata ta milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango, a ɓoye ta da falankin gindin bango.

Yanzu a ɗora masa kabad mai saman dutse. Dutsen giranayit mai tsawon mita 3 da faɗin santimita 60 da kaurin santimita 3 nauyinsa ya kai kilo 146, kusan buhun siminti uku, ban da katakon da tukwane da kayan abinci. An danne gefe ɗaya na faifan ke nan. Da damina zai nemi wurin faɗaɗa ya rasa, sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Da hunturu kuma ya ja baya, mahaɗansa su buɗe. Saboda haka a irin wannan daɓe kabad ne ke riga shiga, a ɗaga shi da kaurin daɓen, sannan a shimfiɗa allunan su tsaya kusa da ƙafafunsa da 'yar rata. Haka ake yi wa allunan roba masu sarƙawa, waɗanda zafi ne ke motsa su, da ledar tsakar ɗaki da kafet. Sai dai ko a nan ma kankaren da ke ƙasa dole ya bushe tukuna. A ra'ayina, a ƙasar da laima ke tsalle daga ƙasa da 20 zuwa sama da 70, ga gara a ƙarƙashi, laminet bai dace da kicin ɗin da ke hawan ƙasa ba.

Gwaji a makaranta

Malamai za su iya nuna duk wannan ba tare da kayan aiki masu tsada ba. A sami farar leda marar huji, a yanka ta santimita 45 da 45, a shimfiɗa a kan daɓen siminti, a manne gefunanta huɗu da salatif, a bar ta ta kwana, aƙalla awa 16. In an ga raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba. Magina a Amurka suna yin wannan gwaji kafin shimfiɗa daɓe. Sai dai a gaya wa ɗalibai cewa rashin ganin raɓa bai tabbatar da bushewar can ciki ba. Zai yi kyau a gwada a tsohon aji da kuma sabon gini a rana ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi armashi. A roƙi kafinta guntaye uku masu girma ɗaya: tsurar katako, falawud, da MDF. A auna nauyi da kaurin kowanne da ma'aunin baniya na ɗakin gwaji, a rubuta. A tsayar da su a faranti mai ruwa zurfin santimita ɗaya, a ɗiga shuɗin tawada a ruwan domin a ga inda ya hau. Bayan kwana ɗaya a sake awo, sannan a shanya su a inuwa mako biyu a yi awo na uku. Kafin a fara, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa na wanda zai fi kumbura da wanda zai koma yadda yake. In an sami guntun katako na huɗu, a kwantar da shi ta gefensa maimakon ta kan da aka yanka, a kwatanta tsayin da tawadar ta kai a cikin biyun.